Kafin a ce tsofaffin wasannin bidiyo sun gaza, a duba talabijin da na'urar tukuna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu tofa albarkacin bakinmu kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu buga wasan bidiyo: shin tsofaffin wasannin Nintendo da Sega da PlayStation ta farko sun kai yadda ake zuzuta su, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke yi musu ado? Wasu na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Matasan da suka taso da wasannin yanzu kuwa sukan kunna na minti goma su ajiye, su ce ashe daman abin da ake cika mana baki a kansa ke nan. Har wanda ya buga su a zamaninsu yakan koma ya tarar hoto ya yi dishi-dishi, ya danna tsalle ɗan wasa ya ƙi tashi sai da ya faɗa rami, daga nan ya fara zargin yatsunsa da shekarunsa.

Abin da muke gani shi ne, akasarin masu yanke hukuncin nan ba wasan suka gani ba. Sun kalle shi ne a talabijin da ba don ita aka yi shi ba, ta cikin na'urar da ta shekara talatin ba wanda ya buɗe ta. An bar jaki ana dukan taiki. In an gyara waɗannan biyun, sai a ga wasu wasannin suna nan daram, wasu kuma da gaske tsufa ya cim musu, kuma za mu faɗe su ba kara.

Mu fara da talabijin, don a nan gizo ke saƙar. Famicom da ta fito a Japan a 1983 ta isa Amurka a 1985 da sunan NES, da Mega Drive ta 1988, da Super Nintendo ta 1990, da PlayStation ta 1994, da Nintendo 64 ta 1996, duk an ƙera su ne don tsohuwar talabijin mai doro, wadda ke zana hoto layi bayan layi nan take da sigina ta iso. Yawancin wasanninsu hoto mai layi kusan 240 suke aikawa, sau 60 a daƙiƙa. Talabijin ta zamani mai lafe wa bango ba ta san wannan yaren ba. Takan ɗauka siginar tasha ce mai layi 480 da ake aikowa rabi-rabi, sai ta tsaya jiran rabi na biyu, ta haɗe su, ta buɗa hoton ya cika allo. Ɓarna biyu ke fitowa daga nan. Ta farko, duk abin da ke motsi sai ya riƙa jan jela, gefensa ya yi haƙora kamar mataji. Ɗan wasan da ya kamata ya riƙa ƙyaftawa in an doke shi, a wata talabijin sai ya ɓace gaba ɗaya, a wata kuma ya tsaya cak ba alamar an taɓa shi.

Ɓarna ta biyu ta fi muni, don ido ba ya ganin ta, hannu ne ke jin ta. Hoto ɗaya yana ɗaukar kusan kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa. In talabijin ta riƙe hotuna huɗu ko biyar tana gyaggyara su kafin ta nuna, to abin da kake gani ya riga ya wuce da kashi 70 zuwa 80 cikin 1000. A kallon fim wannan ba komai ba ne. A wasan da ake gudu a yi tsalle daga bakin rami kuwa, kana ganin ƙafar Mario a kan tudu alhali a cikin na'ura ya riga ya zame. Masu cewa tsofaffin wasanni suna da taurin kai, da yawansu wannan jinkirin ne suke faɗa da shi ba su sani ba.

Duck Hunt, wasan harbin agwagwa na NES, ya fi kowane wasa fallasa wannan. In ka ja kunamar bindigar roba, allo yakan yi baƙi ƙirin na tsawon hoto ɗaya, a hoto na gaba kuma farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwa take. Wani ɗan ido a cikin bindigar ne ke duba ko ya ga duhu sannan haske a daidai wannan lokacin. Talabijin ta zamani kan makara, sai bindiga ta duba ta ga ba komai. Ko ka manna bakinta a jikin allo ba za ka sami agwagwa ko ɗaya ba, kuma bindigar lafiyarta ƙalau.

Magani mafi sauƙi shi ne a samo talabijin mai doro, ko ƙarama ce. Amma kada kowa ya buɗe bayanta da sunan share ƙura, domin tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban bolt ko bayan an zare ta daga soket. Wanda bai samu ba, ya shiga saitin talabijin ɗinsa ya kunna yanayin wasa, ya kashe duk abin da aka ce yana santsa motsi ko tace hoto, sannan ya mayar da siffar allo 4:3. In aka bar ta a 16:9, kowa a wasan sai ya yi ƙiba, da'ira ta koma ƙwai. 'Yan akwatunan nan marasa suna da ke juya waya mai kai uku zuwa HDMI ba sa warkar da komai, kuskuren da talabijin ke yi su ma shi suke yi. Waɗanda aka yi don wannan aikin musamman, irin su OSSC da RetroTINK, ninka layukan kawai suke yi, 240 ya zama 480 ko 720, ba tare da riƙe hoto ba. A lura dai, OSSC ba ta karɓar waya mai kan ruwan ɗorawa, sai RGB, wato sigina mai aiko da ja da kore da shuɗi daban-daban, da danginsa.

Wayoyin ma hawa-hawa ne. Ta eriya ita ce ƙurar baya, sai mai kan ruwan ɗorawa, sai S-Video, sai RGB. Mega Drive da Super Nintendo ta asali da PlayStation suna fitar da RGB da kansu, waya kawai za a nema. NES da Nintendo 64 kuwa sai an buɗe an yi musu ƙari a ciki. Sai dai wani hanzari ba gudu ba, ba kullum hoto mai kaifi ya fi ba. Mega Drive launi kusan 60 kawai take iya nunawa a lokaci ɗaya daga cikin 512, don haka masu zane suka riƙa jera siraran layuka na launi biyu, sun san waya da talabijin za su gauraya su. Ruwan da ke gangarowa daga dutse a matakin farko na Sonic misali ne: a waya mai kan ruwan ɗorawa ruwa ne garai-garai kana hango abin da ke bayansa, a hoto mai kaifi kuwa sai ka ga sanduna tsaye kamar shingen ƙarfe.

Akwai kuma batun 50 da 60. Amurka da Japan tsarin NTSC suke bi, hoto 60 a daƙiƙa. Turai da sauran ƙasashe masu tsarin PAL 50 ne. Kamfanoni da yawa ba su damu da daidaita wasanninsu ba, sai wasan PAL ya riƙa tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida, ga baƙin fili sama da ƙasa, hoto ya ɗan tauye. Sonic na farko na 1991 shi ne shahararren misali, har kiɗansa jan ƙafa yake yi. Wannan ciwon ya biyo har cikin PlayStation Classic da Sony ta fitar a 2018, inda wasanni 9 cikin 20 na PAL ne, har da Tekken 3, wasan da sauri ne ransa. Abin yana iya juyewa: wanda ya taso da na 50, in aka ba shi na 60 sai ya rantse an ƙara wa wasan gudu. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, ba abu ɗaya suka buga ba.

Sai ita na'urar. Kafin a jona komai, a karanta rubutun da ke jikin adafta. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, ta Turai 220 zuwa 240. Adaftar Amurka a wutar 230 ƙonewa take yi nan take. Wani tarkon kuma, adaftar NES wutar AC ta bolt 9 take bayarwa, alhali Famicom da Mega Drive ta farko DC suke ci, kuma bakin adaftar yana shiga ramukansu salin-alin. Na'urori da dama a nan suka gamu da ajalinsu. Hatta Mega Drive ta farko da ta biyu ba sa musayar adafta, domin a ta farko tsakiyar bakin ne ƙafar ragi, a ta biyu kuwa tsakiyar ce ƙafar ƙari. Minti ɗaya da mitar auna wuta ya wadatar a tabbatar.

Hura kaset da baki al'ada ce da ta zagaye duniya, kuma ba ita ce ke sa shi aiki ba. Cirewa da mayarwa ne ke goge datti kaɗan, danshin numfashi kuwa tsatsa yake haifarwa. Kaset ɗin NES ƙafafu 72 gare shi, kuma yadda ake tura shi ciki a danna ƙasa yana lanƙwasa haƙoran na'urar a hankali har su daina kamawa. In haɗuwar ba ta yi ba, wani ɗan guntu mai tantance kaset sai ya riƙa sake kunna na'urar duk daƙiƙa, shi ne jar fitilar nan mai ƙyaftawa. Abin yi: a jiƙa auduga mai tsinke da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a goge ƙafafun kaset gaba da baya, a canja auduga har sai ta fito fara, a bar shi ya bushe na 'yan mintoci. Kada a kawo sanfefa kusa, don tana kankare siririn rufin da ke kare tagullar. Buɗe kaset ɗin Super Nintendo ko Nintendo 64 yana buƙatar sukudireba ta musamman mai baki milimita 3.8, jikin na'urar kuma mai 4.5.

Wanda ya buga Zelda ko Super Metroid na awa uku, ya ajiye, ya dawo washegari ya tarar wayam, batir ne ya mutu. Kaset ɗin da ke ajiye ci gaba yana ɗauke da batir mai siffar kwabo, yawanci CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe wa ƙwaƙwalwar wuta dare da rana. A sayi irin wanda ya zo da ƙafafunsa a like, a narka dalmar tsohon, a dasa sabon ana lura da alamar ƙari da ragi. Kada a ɗora ƙarfen narka dalma kai tsaye a jikin batir tsirara, yana iya fashewa. Kuma a sani, da zarar an cire tsohon, duk abin da ke ajiye ya tafi. Na Pokémon Gold da Silver sun riga 'yan uwansu mutuwa saboda akwai agogo a ciki mai shan wuta. Memorin PlayStation mai gida 15 ba ta da wannan matsalar, ba batir a cikinta.

Kafasita, wato ɗan ƙaramin abin da ke tara wuta a cikin na'ura, ita ma tana tsufa ta zubar da ruwanta a kan allon lantarki, ruwan kuma yana cinye hanyoyin tagulla. Game Gear ta Sega ta yi ƙaurin suna a nan: murya ta dusashe, allo ya yi duhu sai ka karkata shi. A Xbox ta 2001 ma, a yawancin zubin farko, akwai wata kafasitar agogo da masu gyara ke cirewa tun kafin ta yi ɓarna. In za a canja, sabuwar ta zama daidai da tsohuwar a lambar ƙarfin ajiya, bolt ɗinta kuwa daidai ko sama, kuma kada a juya ƙafafun. PlayStation ta zubin farko nata ciwon a idon da ke karanta faifai yake: abin da ke ɗauke da idon na roba ne, yana kusa da zafin wuta, sai ya cinye ya karkace, bidiyo ya fara tsalle-tsalle. Shi ya sa ake kifa ta a kan bayanta ta ci gaba da karatu. Faifai kuwa daga tsakiya ake goge shi zuwa baki da tattausan ƙyalle, ba zagaye ba.

Hannun wasa shi ne na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa. Ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai baƙin ɗigo, in ta yage ko ta yi datti sai an danna da ƙarfi. Sandar tuƙa ɗan wasa ta hannun Nintendo 64 roba ce ke gugar roba, in ka ga farin gari a gindinta kuma tana lilo, ta cinye, Mario zai riƙa tafiya inda ya kamata ya ruga.

To, an gyara komai. Wane ne ya tsira?

Wasannin da aka zana a shimfiɗe, musamman na zamanin Super Nintendo da Mega Drive, su ne suka fi cika alkawari, kuma akwai dalili. Masu yin su sun shafe shekara goma suna goge hannu a salo ɗaya, mafi yawansu suna tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, madannai kaɗan ne kuma kowanne aikinsa ɗaya. Super Mario World da Streets of Rage 2 da Super Metroid da Tetris na Game Boy ba sa buƙatar a nema musu uzuri. Ko Super Mario Bros. na 1985, wanda duk girmansa kilobait 40 ne, dubi yadda yake koyarwa ba tare da kalma ɗaya ba. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali a fili, dole ka koyi tsalle. Ka doki tubali, naman kaza ya fito ya yi dama, ya bugi bututu ya juyo kanka, ga tubala a sama sun tare maka hanyar gudu. Ko kana tsoronsa sai ya taɓa ka, sai ka ga ka girma. Cikin rabin minti an gama darasi. Street Fighter II ma yana nan da ƙarfinsa, amma a Mega Drive a nemi hannu mai madanni shida. Da mai uku sai ka riƙa danna Start kana sauya naushi da shuri a tsakiyar faɗa, wannan kuwa azaba ce.

Waɗanda tsufa ya fi kamawa su ne na farkon zamanin hoto mai zurfi, wato 3D, daga 1993 zuwa ƙarshen shekarun 1990. A nan ba talabijin za a zarga ba. PlayStation ba ta iya lissafin zurfi a zanen da take shimfiɗa wa bango, shi ya sa bango ke murɗewa in ka matso, sassan jikin mutum kuma suna rawa kamar ana kaɗa su. Hannunta na asali ba shi da sanda ko ɗaya, DualShock mai sanduna biyu sai a 1997 ya fito, don haka juya kyamara ya zama aiki. A Resident Evil na 1996, danna sama yana nufin gaba ta inda ɗan wasa ya fuskanta, ko da kai kana ganin ya nufo ka. Akwai hikima a ciki, tunda kyamarar a kafe take tana sauya kusurwa daga ɗaki zuwa ɗaki, amma sabon shiga zai sha karo da bango na awa guda. GoldenEye 007 na 1997, wanda ake ambata da girmamawa, in mutum huɗu suka raba allo aka fara fashe-fashe sai hoto ya riƙa tafiya daƙyar, ga saiti da sanda ɗaya. Daɗin da ake tunawa na zaman mutum huɗu ne gaban allo ɗaya, wasan kansa an daɗe da wuce shi. Ocarina of Time hoto 20 kacal yake yi a daƙiƙa, ido kan ɗauki lokaci kafin ya saba, sai dai dabararsa ta kafe ido a kan abokin gaba da madanni ɗaya ta cece shi. Waɗanda suka zaɓi sauri a kan ado su ne suka fi lafiya yau: F-Zero X ya bar gefen hanya kusan fayau don motoci 30 su yi tsere da hoto 60, kuma har gobe yana tsinka zuciya.

Wasannin ƙwallon ƙafa nasu tsufan daban ne. Kwamfuta ba ta da wayo, da ka gano lagonta shi ke nan. A FIFA na farko na 1993 kana iya tsayawa gaban mai tsaron gida ya buga ƙwallo ta doke ka ka zura, kana ma iya guje wa alƙalin wasa ya yi ta bin ka da kati a hannu. Kai kaɗai, kwana biyu ka gaji. Da abokin hamayya a gefe kuwa sai dare ya raba.

Wahalar da ake kuka da ita gaskiya ce, kuma da gangan aka yi ta. Kaset ƙarami ne, wasan da gwani zai gama a awa ɗaya dole a tsaurara shi ya kai wata, ga kuma gadon na'urorin da ake jefa wa kwabo, waɗanda ribarsu ita ce ka mutu da wuri. A Ghosts 'n Goblins bugu biyu ke kashe ka, in ka kai ƙarshe kuma a ce ka koma farko ka sake. Wannan ba gwaninta ba ce, ja wa mutum rai ne, kuma ba laifi a faɗa. Wani ɓangaren wahalar kuwa rashin takarda ne. Zelda na farko da taswira da ɗan littafi ya zo a kwalinsa. A Metal Gear Solid na 1998 akwai lambar rediyon da sai ka juya bayan kwalin faifan za ka gan ta. Wanda ya sami faifai tsirara zai yi ta yawo yana zagin wasan, alhali rabin kayan aka ba shi. Ƙyaftawar da ake gani a NES in abubuwa sun yi yawa ma ba lalacewa ba ce, na'urar guda takwas kawai take iya jerawa a layi ɗaya, sai masu yin wasannin suka riƙa nuna su bi da bi.

Kada kuma a auna NES da na'urorin kwaikwayo masu kaset ɗin da aka rubuta wa wasanni dubu tara da ɗari tara. 'Yan wasanni kaɗan ne ake maimaitawa da sauya suna ko matakin farawa, sauti da launi kuma sau da yawa ba daidai suke ba. Ƙananan na'urorin da kamfanonin da kansu suka sake fitarwa, kamar NES Classic ta 2016 mai wasa 30 da Mega Drive Mini ta 2019 mai 42, sun fi zama ma'auni ga wanda ba ya son ɗawainiyar dalma da sifirit, don HDMI suke da shi kai tsaye, kuma suna ba da damar ajiye wasa a ko'ina. Shawararmu a nan, a riƙa ajiyewa a farkon kowane mataki kawai, ba bayan kowane tsalle ba. Hakan yana cire azabar komawa farkon wasa, ya bar fargabar ramin da ke gaba, wadda don ita aka gina matakin.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu gyaran na'urorin wasan bidiyo